Ƙotar da Na Yi wa Yero

Jiya ina zaune a nan rumfa ina ɗinkin mariƙin gatari, na ji ɗayanku yana tambaya wai wannan ma sana'a ce. Wai a yanko reshe, a huda shi, a cusa ƙarfe, an gama. Sauranku kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don zare ne a bakina, mai gatarin kuma yana tsaye yana jira. Yau da yake ba kasuwa, ga kuma inuwa, sai ku gyara zama. Ba faɗa zan yi muku ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da aka kai ni koyo, har murna nake yi an raba ni da noma.

Sunana Gambo, amma daga Batsari har Safana in ba ka ce Gambo Mai Ƙota ba, ba wanda zai gane ni. A Yasore aka haife ni. Da ubana ya ga noma bai karɓe ni ba, sai ya kama hannuna ya kai ni Zakka wurin Kawu Jatau, ƙanin uwata, masassaƙi. Kawu ba ya sassaƙa turmi, ba ya yin akushi. Ƙota kaɗai yake yi, ta gatari da ta fartanya da ta galma. A zamanin ba a nisa da gari sai da dalili, saboda mahara da kan sauko daga wajen Maraɗi. In za mu shiga daji yankan itace, sai mun jira ranar da masu kwari da baka za su fita mu bi su.

A ƙofar rumfar Kawu akwai wani kututturen ƙirya, baƙi wuluk, duk jikinsa tabon sara. Ko wane ne ya zo neman ƙota, in an gama gaisuwa, Kawu zai miƙa masa wani tsohon gatari ya ce, “Sara in gani.” Mutum ya sari kututturen nan sau uku. Kawu ba ya ko kallon inda gatarin ya faɗa. Kafaɗa yake kallo, da gwiwar hannu, da wuyan hannu, yana kuma sauraron ƙarar. Shekarata ta fari ban taɓa gizago ba. Aikina in zauna kusa da shi in zuba ido, in mutum ya gama sara ya juyo gare ni.

“Gambo, wanga wane irin hannu na?”

In na ce mai gudu ne alhali mai nauyi ne, in sha rankwashi a gaban baƙo. Na sha shi ba adadi, domin ni da na ga ƙato sai in ce hannunsa mai gudu ne. Ashe ƙarfi daban, gudu daban. Akwai ƙaton da zai ɗaga gatari ya sauke shi a hankali, nauyin jikinsa ne ke yi masa aiki. Akwai kuma siriri, kamar ka hure shi ya faɗi, amma in ya sako gatari sai ka ji iska ta yi fito. Sai da kaina ya yi ƙulu-ƙulu kafin idona ya iya raba su.

Itacen ma ba kowane ake ɗauka ba. Marke da aduwa su ne namu. Ƙirya ta cika nauyi, sai dai a yi taɓarya da ita. Bayan kaka ake yanka, lokacin da ruwan itace ya sauka, a zaɓi reshe mai gwiwa inda ƙarfe zai zauna, a jera shi ƙarƙashin rumbu ya shekara yana bushewa a inuwa. Wanda ya bushe a rana tsagewa yake yi. In za a huda, a maƙera ake gasa mahuri ya yi ja, a ƙona ramin ya ɗan kasa tsinin ƙarfen, don ƙarfen ya ƙarasa wa kansa hanya. Duk wannan yaro mai hankali zai iya koya a damina biyu. Abin da ke cin shekaru shi ne mariƙi, wato daidai inda tafin mutum ke kamawa.

Ga yadda abin yake. Mai saurin sara mariƙi mai tauri yake bukata, siriri, wanda ba ya lotsawa ko kaɗan. Ko dai a bar masa itacen tsurarsa, a kankare a murje shi da yashi, ko a zura masa ɗanyar fatar wutsiyar sa, a bar ta kwana uku ta bushe ta kama itacen kamar tare aka halicce su. Dalili kuwa, a daidai lokacin da bakin gatari ya haɗu da itace, ƙota neman juyawa take yi a hannu, kuma gwargwadon gudun saran gwargwadon ƙarfin juyawar. In akwai taushi tsakanin tafi da itace, sai itacen ya murɗa a cikin naɗin. Ba da yawa ba, kamar faɗin ƙwayar gero. Amma wannan ɗan abin ya isa ya sa gatari ya sauka da kumatunsa maimakon bakinsa, ya goce ya tafi inda ba a aike shi ba.

Mai hannu mai nauyi kuwa, ko tsoho, ko mace mai faskare, in ka ba shi mariƙi mai tauri ka cuce shi. Dole ya damƙe da ƙarfi kafin ya riƙe, in ya damƙe damtse ya sandare, saran ya ƙara mutuwa, zafin kowane sara kuma ya biyo ƙota ya shige masa gwiwar hannu. Shi ake naɗa wa jemammiyar fatar akuya, wani lokaci a sa tsumman saƙi a ƙarƙashi. In ya ji taushi sai ya saki hannu, in ya saki hannu gatarin ya sami ɗan gudu. Kun ga ke nan taushi magani ne ga wani, ga wani kuma cuta ce, kuma ba fuskar mutum ce za ta gaya maka ko wanne ne shi ba.

Na tuna wata ƙota da Kawu ya yi wa Sarkin Noman Zakka na lokacin, mutumin da a ƙuruciyarsa ba a haɗa layi da shi a gayya. Ya zo ana gobe gayyar sassabe, ya sari kututture sau uku. Ni ma da nake yaro na ga hannun ya sauka. Kawu ya naɗa masa fatar akuya. Da dattijon ya karɓa ya matsa ya ji ta lotsa, sai ya yar da ita ƙasa.

“Jatau, ƙotar tsohuwa ka yi mini? Mi na yi maka?”

Kawu ya ɗauka ya kaɗe ƙasar ya sake miƙa masa da hannu biyu. “Ranka shi daɗe, ka tahi da ita gobe. In azahar ta yi gwiwar hannunka na ciwo, ka dawo ka hwasa kaina da ita.”

Bai dawo ba. Bayan kwana biyu sai ga jikansa da gatura biyu, wai a yi musu irin waccan, amma a rina fatar baƙa kada mutane su gane. A ranar ne Kawu ya gaya mini abin da ya fi kowane aiki da ya koya mini. Ya ce kada in taɓa buɗe tafin mai neman ƙota in duba, kada kuma in yi wa mutum mariƙi ban ga saransa a ranar ba, ko da ɗan'uwana ne. “In ka duba tahi za ka ji tausai,” in ji shi, “in ka ji tausai kuwa sai ka yi mishi abin da ranka ke so, ba abin da saranshi ke so ba.” Na gyaɗa kai kawai. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

Bayan rasuwar Kawu na kwaso kayan aikinsa na dawo Batsari, har da kututturen, a kan jaki. Shi ne wannan da kuke zaune a kai. A shekarata ta biyu a nan ne Yero ya fara zuwa. Bafillace ne, rugarsu tana gindin duwatsu ta wajen Safana, dogo siriri, a lokacin ko kitson samartaka bai kwance ba. Ya tsaya ya dogara sanda ya ƙare wa rumfar kallo.

“Sannu da aiki, Kaɗo. An ce kai ne mai sa mutane saran icce kyauta.”

Na ce, “Ni ne. Sara in gani, in dai ba ka tsoron gatarin ya ɗauke ka.”

Ya karɓa da hannu ɗaya, yana dariya. Wallahi ban ga tafiyar gatarin ba. Fito na ji, sai ga ɓarin ƙirya ya tashi ya faɗa cikin rumfar mai gishiri. Na ce ya sake, ya sake. Tun da nake, kafinsa da bayansa, ban ga hannu mai gudun na Yero ba. A bisa itace ya koyi sara, yana yanko wa shanu ganye da rani, hannun hagu riƙe da reshe, na dama yana aiki, shi ya sa duk saransa daga wuyan hannu yake fitowa. Na zaɓo masa aduwa siririya. Shi ya kawo wutsiyar bijimin da aka yanka ranar sunan ɗansa na fari, na zura masa, ta bushe ta yi tauri kamar ƙaho. Da ya zo karɓa ya jujjuya ta a iska ya ce ashe Kaɗo ma yana da abin da ya iya ban da cin tuwo.

Daga nan muka ƙulla. Shekara goma sha wani abu duk ƙotar da ya riƙe ni na yi ta, kuma ko sau ɗaya ban ɗaga masa ƙafa ba, sai ya sari kututture. Yakan ce, “Kai Kaɗo, kullum sai ka gani? Hannun nan dai shi ne na bara.” In ce masa na bara ya tafi da bara. Matarsa Daso in ta kawo nono kasuwa takan biyo ta ajiye wa iyalina ɗan man shanu. Garkensa ba shi ne mafi girma a ƙasar ba, amma shanu ne masu kyau, farare, yawancinsu jikokin wata farar saniya ce da ya gada wajen uwarsa. In yana maganarta har murya yake saukewa.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana ɗaukar ciki. Ciyawa ta ƙare tun sanyi bai wuce ba. Da a ce shekarar lafiya ce, da Fulani sun kora shanu kudu ko sun nutsa cikin dajin Rugu. To a shekarar mahara sun tsare hanyoyi, waɗanda suka yi ƙarfin hali suka tafi, an kwashe su har mutane har dabba. Yero ya ƙi motsawa. Ya ce muddin akwai gawo da maɗaci a tsaye, shanunsa ba za su mutu ba. Daga sallar asuba har rana ta faɗi yana bisa itace, yana sara, ganye yana zuba, shanu suna ƙasa sun ɗaga kai suna jira. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba mai iya hawa. Garken nan gaba ɗaya a hannunsa na dama yake rataye.

Wata ranar kasuwa da bazara, zafi kamar ya kashe mutum, sai ga Daso ita kaɗai. Ƙwaryar da ke kanta ba nono a ciki, gatarin Yero ne naɗe a tsumma. Ta durƙusa muka gaisa, na tambayi maigida da yara da shanu, ta amsa duk lafiya yadda aka saba. Sannan ta warware tsumman. Kan ƙotar ya tsage, ƙarfen yana rawa.

“Ya ce a sake mishi yau yau, Malam Gambo. Ba shi iya barin shanu. Da na aro yake aiki, kuma mai shi na son abinshi gobe.”

Na karɓa na juya mariƙin. Fatar wutsiyar nan da na sani ruwan ƙasa ce, yanzu ta koma baƙa, tana danƙo. Na kankara da farce, na ga jini ne, wani ya bushe wani ya hau kansa. Daso ta ga na gani. Ta sunkuyar da kai ta ce tafinsa duk ya tsattsage, kantar hannun ta fashe, ko ƙwaryar fura ba ya iya riƙewa sai ya tallafe ta da wuyan hannu, amma ko sau ɗaya bai ce wayyo ba. Kun san filako, kunyar Fulani. “In da abin da kake iya yi mishi,” in ji ta, “don Allah ka yi.”

Kawu ya hana ni duban tafi. Bai gaya mini yadda zan yi ba in tafin ya aiko da jininsa a kan ƙota. Ba na son in yi muku ƙarya in ce ba ni da wata hanya. Gaskiya ne fatar wutsiya kwana uku take so, kuma ba lokaci. Amma da na murje masa aduwa tsurarta na ba ta, da ta yi daidai da hannunsa, ya naɗe tafinsa da tsumma in ya ga dama. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Sai na ce wa kaina mutumin nan ga yunwa ga gajiya, ai dole hannunsa ya sauka. Ban gani ba. Zato na yi, don zaton ya yi daidai da abin da raina ke so.

Na zauna na yi mariƙin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na shimfiɗa audugar rimi, na bi ta da tsumman saƙi ninki biyu, na ɗauko wata fatar ɗan akuya da nake ɓoyo, na murje ta da man kaɗe har ta yi laushi kamar kunnen jariri. Na ɗinke da jan zare, ɗinki ƙanana a jere. Masu wucewa har tsayawa suke yi suna taɓawa. Da Daso ta matsa ta ji, sai hawaye suka cika mata ido, ta yi ta sa mini albarka. Na ji daɗi ƙwarai, wannan ma ba zan ɓoye muku ba. Ko cewa ban yi ba ta gaya masa ya rage gudun hannu.

Kwana huɗu tsakani wani mai jaki daga Safana ya tsaya nan shan ruwa, yake ba da labari wai wani Bafillace ya faɗo daga kan gawo. Ban tambayi suna ba. Na rufe rumfa na kama hanya.

Na same shi kwance a inuwar bukka, maɗori ya ɗaure masa cinya da karare, hannun hagu kuma an naɗe shi har gwiwa. Daso ce ta gaya mini yadda aka yi. Yana can ƙololuwa, ya riƙe reshe da hagu, ya sako sara a kan wani busasshen gungume. Gatarin ya goce ya sauka a bayan hannun da ke riƙe da reshen. Yatsu uku suka tafi, shi kuma ya biyo su ƙasa. Gatarin yana jingine a jikin bukka. Na ɗauka na duba. Jan ɗinkin nan da na jera a bayan ƙota ya zagayo gefe. Ko makaho ya shafa ya san abin da ya faru.

Yero ya buɗe ido ya gan ni. “Kaɗo, ka zo? Ka sha hanya.”

Na ce, “Sannu, Yero. Bari in tafi da gatarin nan in gyara shi.”

“Bar shi nan,” in ji shi. Ina so in ce masa ni ne, bakina ya ƙi buɗewa, kuma na ji sanyi a raina da bai tambaya ba. Wannan sanyin da na ji shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau.

Na yi kwana shida a rugar ina hawan gawo da gatarin aro. Ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce rumbu ba. Ƙaya ta yayyage ni, abin da nake yankowa daga safe zuwa yamma bai kai wanda Yero kan zubar kafin hantsi ba. Yana kwance yana hangena, har ya sami ƙarfin cewa bai taɓa zaton zai ga Kaɗo a kan gawo kamar tunkiya a kan danga ba. Maƙwabtansa kowa yana fama da nasa garken. Maruƙa suka fara mutuwa, sai masu shayarwa. Ranar da zan tafi, farar saniyar nan ta uwarsa ta kwanta ta kasa tashi, aka kira mai wuƙa. Yero ya juya fuskarsa ga jikin bukka. Kafin ruwan fari ya sauka, abin da ya rage masa bai cika yatsun hannunsa mai lafiya ba, su ma ba su kai wata shekarar ba.

Da ya fara takawa da sanda, suka tashi. Aka ce sun yi kudu, yana kiwon shanun wasu. Ni kuma na ci gaba da aiki, don ba wanda ya san komai. Wanda duk ya ji labarin cewa yake yi ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, amma ni na san ta hannun wa ta biyo. Tun daga ranar ban sake karɓar saƙon ƙota ba. An aiko daga gidan mai gari na mayar da ɗan aike, na ce mai gatarin ya zo da kansa. An ce mini mai taurin kai, an ce girman kai ne, wasu sun koma wurin wani. Ban taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Shekara ashirin da wani abu suka wuce. Da kakar bara, ina nan zaune, sai ga wani tsoho yana ɗingishi, gemu fari fat, hannun hagu cikin riga. Ya tsaya ya dogara sanda ya ƙare wa rumfar kallo.

“Kaɗo, har yau kana sa mutane saran icce kyauta?”

Muka gaisa, muka daɗe muna gaisawa, don kowa yana tsoron abin da zai biyo bayan gaisuwar. Ya ce sun dawo, suna zaune wurin ɗansu kusa da Zakka, Daso tana nan da ranta. Sannan ya zaro gatari daga kafaɗa ya ajiye a gabana. Gatarin nan ne. Ƙarfen ya cinye saura kaɗan, fatar ta yage, auduga tana leƙowa, amma ga sauran jan zarena nan a gefe inda ya zagaya. Ya ce mariƙin yake so a sabunta.

Na miƙa masa tsohon gatarin Kawu. Na ce, “Sara in gani.”

Ya yi murmushi ya karɓa. Ya ɗaga, ya sauke. Ba fito, ba ɓari. Gatarin ya sauka a hankali ya tsaya a jikin ƙirya, sai da ya jijjiga shi kafin ya fita. Sau uku ya yi, na ga yadda yake yamutsa fuska in zafin ya dawo masa gwiwar hannu. A nan na kasa riƙe abin da na riƙe shekara ashirin.

Na ce, “Yero, mariƙin nan ne ya sare ka. Ni na yi shi, kuma na san bai dace da hannunka ba tun ina ɗinkinsa.”

Ya zauna a kan kututturen, ya miƙe ƙafar da ta karye. “Na sani,” in ji shi. “Tun saran hwarko na ji tana juya mini a hannu.”

“To me ya hana ka sa wuƙa ka yage shi? Ai itacen da ke ciki lafiyarsa lau.”

Ya daɗe yana murza jan zaren da babban yatsa. “Na zaro wuƙar, Gambo. Sai na ga ɗinkin. Na ce mutum ya zauna ya yi mini wanga don tausai, matata ta taka tun daga Sahwana ta ɗauko shi a ka tana murna. In yage shi a gabanta? In ka tambaye ni kuma in ce maka mi? Sai na ce bari in damƙe da ƙarhi, in lallaɓa har ruwa shi sauka.” Ya ɗago ya dube ni. A iya sanina ranar ce ya fara kirana da sunana. “Kwana huɗu na lallaɓa.”

Na tambaye shi wane iri yake so yanzu, tambayar da Kawu bai taɓa yi wa kowa ba.

“Kai da ka ga saran kake tambaya? Irin wancan za ka yi mini. Yanzu ya yi daidai.”

Na shimfiɗa audugar rimi, na bi ta da tsumman saƙi, na murje fatar ɗan akuya da man kaɗe. Jan zare ne kawai na kasa ɗauka, na ɗinke da fari. Da na gama ya tashi ya sari kututturen sau uku. Ƙotar ba ta juya ba ko kaɗan, fuskarsa kuma ba ta yamutse ba. Ya matsa mariƙin a tafinsa ya ce, “Miyetti, Kaɗo,” wato ya gode. Ya rataya gatarin a kafaɗa, na raka shi har bakin kasuwa. A hanya ne na tambaye shi, don dai in ce wani abu, ko gawon wajen Zakka yana da ganye bana.

Ya ce bai duba ba. Ya ce itacen girki yake faskara wa Daso da shi.